Baƙin Yashin da Kika Bar wa Rahila

Zuwa ga mahaifiyata, Mama Saratu mai gyaɗar tasha,

Gaisuwa da ban girma a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kina hutawa a wurin da Fasto ya ce kina, inda babu hayaƙin itace, babu tari, babu kuma ɗan da zai tsaya miki a ka yana karanta miki abin da ba ki tambaye shi ba.

Bayan gaisuwa, mu nan Kafanchan muna nan yadda kika bar mu. Ruwa ya ɗauke, mutanen Kwoi sun fara haƙar citta, wutar lantarki kuwa yau kwana tara ba ta leƙo layinmu ba. Yayata Rahila tana da ciki, wata shida. Kada ki yi saurin guɗa. Saboda cikin nan ne na zauna rubuta miki.

Na san ba ki son a fitar da maganar gida waje, ga shi kuma na ɗora ta a shafina inda duk mai data zai leƙo. Na yi maganar nan a ɗaki. Na yi ta a tsakar gida. Na yi ta a gaban dattawan coci, hannuna a baya kamar ɗan firamare. Ba wanda ya ji. To yau na kawo ta bakin titi, kuma ke zan fara tsarewa, don ke kika haɗa abin nan kika tafi kika bar mu da shi.

Maganar yashinki ce.

Ke kin san tarihinsa, masu leƙen ne ba su sani ba, sai ki yi haƙuri in maimaita. Kakanmu ya yi aikin kuza a wajen Nok tun zamanin Turawa. In an wanke kuza an kwashe mai amfani, sai a tara ragowar a bakin rami, wani baƙin yashi mai nauyi da ke ƙyalli in rana ta doke shi. Ba mai so. Kaka ce ta fara ɗebowa ta zuba a kasko ta soya gyaɗa, ta ga abin mamaki. Yashin rafi sai an cinye rabin ɗaurin itace kafin ya farka. Wannan kuwa da an hura wuta ya kama zafi, ya riƙe, gyaɗa ta soyu ciki da waje launi ɗaya, ba ƙuna ba ɗanye. Ita ta ba ki, ke kuma kika zo da shi gari da kika yi aure.

Da shi kika yi suna. Tun ana jiran jirgin ƙasa a garin nan kike kai kwalabenki bakin dogo, da jirgi ya yi wuya kika koma tashar mota. Direbobin Jos da na Kaduna su tsaya su ce a kawo musu ta Saratu, ba ta kowa ba. Kowace Kirsimeti in mun je ƙauye, mutane su dawo da doya da acca, mu mu dawo da rabin buhun yashi, ɗan acaɓa yana ta mita wai duwatsu muka ɗaura masa.

Ba kya barin buhun a kicin. Tun ranar da kika kama wata maƙwabciya ta ƙulle dintsi a haɓar zaninta, kika mayar da shi ƙarƙashin gadonki. Tabarmata tana gefen gadon nan har na kai shekara goma sha biyar. Na yi wasan gini da shi. Na sa shi a baki, har yau ina jin garas-garas ɗinsa a haƙori. Ke kuma kullum da safe ki tankaɗe shi a rariya, ki bakace, ki hura da bakinki, ƙurar ta zauna miki a gira kamar kwalli.

Yanzu bari in faɗa miki yadda na gano, don ban taɓa faɗa miki gaskiyar wannan ɓangaren ba.

Kin san shagon Emeka na bakin kasuwa, inda nake gyaran waya, inda rabin unguwa ke kawo caji don janaretonsa ne kaɗai ba ya hutawa. Nan ake zaman gardama. Da aka ji a rediyo cewa gwamnati na tunanin gina tashar wutar nukiliya, sai zaman ya rabu biyu, ni a gefe ɗaya, sauran duniya a ɗayan. Shugabansu Ticha Gambo, tsohon hedimasta, wanda fanshonsa ke latti amma bakinsa bai taɓa yi ba. Maganarsa ɗaya ce: "Ƙasar da ba ta iya riƙe taransifoma ba, ita za a miƙa wa bam a ce ta riƙe?" Sai ya kawo tashar da ta fashe a Yukren, ya kawo ta Japan, ya ce yara za su riƙa fitowa da kai biyu daga nan har Kagoro.

Ni kuma in ce masa, Ticha, iyalin nan na bayan kasuwa da aka fasa ƙofa aka same su kwance ba rai, nukiliya ce ta kashe su ko hayaƙin janareto? Wa ya ji tsoron janareto bayan nan? Ba washegari muka ja igiyar namu ba? Abin da muka saba da shi yana ɗibar mu kullum muna ce masa sannu da aiki, wanda ba mu taɓa gani ba shi muke wa ihu. Sai Emeka ya ce, "Farfesa Nukiliya ya fara, kowa ya riƙe wayansa." Sunan ya bi ni, ni da ban gama sakandare ba.

So nake in ƙure Ticha. In nuna masa cewa radiyeshan ɗin da yake tsoro, wato abin nan da ba a gani ba a ji amma yana ratsa jiki, ba a tashar nukiliya kaɗai yake ba, yana cikin dutse, yana cikin hoton ƙashi na asibiti. Sai na shiga tonon rubuce-rubuce a waya, Turanci mai ƙashi, ina karantawa ina duba ƙamus. A nan na ci karo da abin da masana suka rubuta kan ragowar wankin kuza a ƙasar Jos. Suka ce akwai ma'adinai a ciki masu fitar da radiyeshan. Suka ce mutane na yaɓen ɗaki da shi. Suka ce mata na soya gyaɗa da shi.

Mama, kin san abin da na fara ji? Daɗi. Allah shaida, daɗi na ji. Na ce yau Ticha ya gama yawo. Sai da na miƙe zan je in nuna masa, sannan na tuna inda na yi shekara goma sha biyar ina shimfiɗa tabarma.

Na same ki a bakin kasko da rana tsaka. Ban gaishe ki ba. Na tura miki waya a fuska kamar kin iya karatu. Kika saurara har na gama, hannunki bai daina juyi ba, sannan kika ce, "Uwata ta soya da shi har ta tsufa, ta mutu da haƙoranta cif a baki. Kai kuma wayanka ya ce me?" Na ce guba ce. Kika ce, "Gubar ce ta kai ka makarantar da ka gudu ka bari."

Na ɗauki kwanon da kika tankaɗe na juye a kwata. Ke kin tuna marin, ni ma kunnena bai manta ba. Amma ba marin ne ya tsaya mini ba. Ganinki ne durƙushe a bakin kwata, mace da furfurarta, kina kwashe shi da hannu biyu daga cikin ruwan wanke-wanken unguwa. Kika wanke, kika shanya a kan buhu, kika ja kujera kika zauna kina gadinsa daga kaji da ni.

Daga ranar kullum sai mun yi. Na kira ki jahila. Sau biyu na faɗa, na biyun a gaban masu saye.

Tarin ya fara bayan shekara guda. Kika ce sanyi ne, kika sha citta da zuma. Zani ya fara zagaye ki sau biyu. Da aka kai ki asibiti aka ɗauki hoto, likita ya ce kansa ce a huhu, kuma ta yi nisa. Na bi shi har baranda na tambaye shi maganar yashin. Mutumin kirki ne, bai yi mini dariya ba. Ya ce ba zai iya cewa e ba, ba zai iya cewa a'a ba. Matar da ta yi shekara talatin tana shaƙar hayaƙin itace da ƙura, in ji shi, abubuwa da yawa na iya kawo mata wannan. Ni "ba zan iya cewa a'a ba" kaɗai na ɗauka na sa a aljihu, sauran na bar masa a baranda.

Ranar Alhamis ɗin nan da matan Zumuntar coci suka zo suka kewaye gadonki suna waƙa, na shigo. Suka gama addu'a, wata ta ce Allah ne kaɗai ya san dalilin kowace cuta. Sai bakina ya buɗe da kansa. Na ce ni ma na sani, kuma tun tuni na faɗa miki. Kika juya fuska bango kika ce, "To, ka ci gardama. Je ka gaya wa Ticha."

Ita ce maganar ƙarshe da kika yi mini. Kwana huɗu kika ƙara, kina magana da kowa, har mai shara.

Wannan na ɗauka, ni na jawo. Abin da ban ɗauka ba shi ne abin da kika yi a cikin kwana huɗun. Kika kira Rahila, 'yarki ta fari, a gaban mijinta Ishaya da dattijo guda na coci, kika ce kasko da rariya da buhu nata ne. Kika ce, "Shi ne gadonki. Kar ki bar Farfesa ya sa hannu."

Me ya sa, Mama? Kina kwance numfashi yana yi miki wuya, kin ji abin da na ce, har abin da likita bai iya musantawa ba na kai miki. Ko ɗan lungu ɗaya ne a zuciyarki ya yarda da ni, ai ya isa ki ce a zubar. Amma kika gwammace ki kayar da ni daga cikin kabari, kika ɗauki 'yarki kika sa a tsakiya. Mutane na cewa Saratu mai haƙuri ce, Saratu ba ta da abokin faɗa. Ba su san ki ba. Ni na san inda na gaji taurin kan nan. Ba wurin Baba ba ne, shi da ko akuya ta harare shi sai ya sake hanya.

Da ba ki ɗora kalmar gado a kai ba, da tuni na shawo kan Rahila. Yanzu in na ce ta zubar da yashi, ji take na ce ta zubar da ke.

Bayan wata uku da binne ki, na saci yashin, cikin gwangwanin madara ɗaya, daga kicin ɗin Rahila. A lokacin can take ajiye buhun, a ƙarshen tsakar gida, nesa da ɗakin kwana. Na hau mota zuwa Jos, wurin masu sayen ma'adinai, waɗanda yanzu ke bin tsofaffin ramukan kuza suna sayen abin da aka yar a da. Na sami wani mai ƙaramin shago da sikeli da wata na'ura kamar tsohuwar wayar hannu. Ya ɗora ta a teburi, tana ɗan ƙyas, ƙyas, jefi-jefi. Ya kai ta bakin gwangwanin. Sai ta ɓarke kamar an watsa gishiri a wuta.

Duk hanyar Jos addu'a na riƙa yi in an gwada yashin na'urar ta yi shiru. Ba wanda zai yarda da wannan, amma ke ki sani. Na fi so in dawo mahaukacin da ya zagi uwarsa a banza.

Mutumin ya washe baki ya ce, "Ɗan'uwa, wannan kaya ne. Akwai sauran?" Na tambaye shi ko yana da haɗari. Ya ɗaga kafaɗa ya ce ma'aikatansa na dakonsa kullum ba wanda ya faɗi. Can kuma ya ce, "Amma ni dai ba na kai shi gida."

Na ɗauki komai a bidiyo, na dawo ina ganin magana ta ƙare. Nan na tafka wautar da ta fi duk wautata. Na zaunar da Rahila da Ishaya na kunna musu daga farko har ƙarshe, ban yanke komai ba. Rahila ta ji ƙarar na'urar, na ga ta dafe ƙirji. Ishaya kuwa, birkilan nan naki da kike cewa yana da natsuwa, bai ji ƙara ba, bai ji "ba na kai shi gida" ba. "Akwai sauran?" kaɗai ya ji. Ya ce in sake kunnawa. Ya sake saurara. Sannan ya dube ni ya yi murmushi ya ce, "Ashe. Jiya guba, yau kaya."

Kafin Lahadi labari ya gama dangi, daga nan har ƙauye: wai Dogara, ni ke nan, ya gano yashin Mama yana da tsada, shi ya sa ya daɗe yana ƙirƙirar cuta, don a zubar ya bi baya ya kwashe. Har da masu cewa da gangan na ɗaga miki hankali a asibiti don ki tafi da wuri. Aka kira zama bayan sujada. Na yi bayani da Hausa, na yi da yaren gida, na zana musu a ƙasa da tsinke. Dattijon da ya yanke magana ya ce shi bai san nukiliya ba, amma ya san wasiyya, kuma da kunnensa ya ji taki. Ya ce kada in ƙara taka gidan Ishaya sai an kira ni.

A ranar Ishaya ya cicciɓi buhun daga kicin ya kai ɗaki. Ƙarƙashin gadonsu, Mama. Ya sayi sabon kwaɗo ya sa a ƙofa saboda ɓarawo, ni ke nan. Da karatuna da bidiyona da zuwa Jos ɗina, abin da na iya ke nan: na ɗauko buhu daga kicin na kai shi ƙarƙashin matar da ke ɗauke da jikanki.

Na aika masa cewa in kaya ne ya je ya sayar da kansa, ga kwatancen shagon, ba na son ko sisi. Ya ce yana jira ya ƙara tsada, kuma ya san bakina ɗaya da mutumin. Na samo yashin rafi mai laushi, na wanke, na aika wa Rahila ta hannun matar Emeka. Ta gwada sau ɗaya, ba zan ci haƙƙinta ba. Gyaɗar ta ƙone gefe guda, wani direba ya ɗanɗana ya ce, "Wannan ba hannun Saratu ba ne." Washegari na ga yashina a ƙofar gidansu, an cike ramin da ruwa ke kwanciya.

Shekaranjiya na bi ta tasha na hango Rahila daga nesa. Ta ware ƙafa saboda cikin, rariya a hannu, tana bakace tana hurawa da baki. Har yadda take karkatar da kai irin naki ne. Girarta baƙi ƙirin.

Zan faɗa miki abin da ba na faɗa a shagon Emeka. Ban sani ba. Ban san ko yashin ne ya kashe ki ba. Na'ura ta yi ƙara, amma ba ta ce ga yawan da ke kisa ba, ni kuma karatuna bai kai nan ba. Kaka ta tsufa lafiya, gaskiya ne. Iyakar abin da na fahimta, wanda ya sayi kwalba ɗaya ya ci a mota da wuya wani abu ya same shi. Wadda ke tsaye a cikin ƙurar kowace safiya tana shaƙa, tana kuma kwana a kan buhun, ita ce abin ji. Ita da wanda ke cikinta, da ba a tambaye shi ko yana son sana'ar ba.

Na kai wa Ticha Gambo maganar, tunda kin aike ni. Na ɗauka rawa zai yi. Ya kalli bidiyon, ya cire tabarau, ya daɗe yana gogewa da bakin riga. Sannan ya ce, "Tun zamanin kakanka ramukan nan suke. Masu ilimi sun rubuta, masu mulki sun zo sun wuce, ba wanda ya kafa ko allon katako a bakin rami ya ce mata kada ku ɗiba. Su ne za su tsare maka tashar taka." Na karɓi wayata na koma kan aikina.

Kada ki ɗauka na tuba, har yanzu ina son wutar nan. Har yanzu ina cewa tashar da ke da katanga da na'urar awo da mutanen da aikinsu ke nan su ji tsoro a madadinmu, ta fi ƙarƙashin gadonki aminci nesa ba kusa ba. Amma na daina kiran Ticha matsoraci. Ni injin nake kallo duk tsawon lokacin nan, shi yana kallon waɗanda za a ba makulli. Kuma duk gardamar da muka yi, da kwalbar gyaɗarki a tsakaninmu muka yi ta, kowa yana miƙa hannu.

To ga abin da na yanke.

Na san mutanen garin nan. In na ce ƙura, za su ce wa bai shaƙi ƙura ba. In na ce ma'adinai, za su yi hamma. Amma akwai kalma ɗaya da na ga tana sa dattijo ya ja kujera baya, wadda na daɗe ina yi musu dariya a kanta. Yau ita zan ara. Gyaɗar da ake sayarwa a bakin tasha, a kwalba mai jan murfi, a teburin da kowa ya san na Saratu ne, da yashin nukiliya ake soya ta.

Na rubuta. Na san ba haka masana za su faɗe ta ba. Na san na ɗauki tsoron da nake rainawa na yi sanda da shi, na kuma san mai saye ba shi ne abin ji ba. Na sani, na yi. Zuwa jibi direbobi za su riƙa wucewa suna ɗaga gilashi. Matan da suka yi shekaru suna jin haushin teburinki za su karanta wa waɗanda ba su iya ba, da ƙari. Rahila za ta zauna da kwalabe cike, ciki wata shida, mijinta kuma aikin gini sai ranar da aka samu. Amma in babu mai saye, babu suya, babu tankaɗe. Buhun kuma da zarar ya zama abin kunya, Ishaya zai kai shi Jos da ƙafarsa kafin maƙwabta su fara nuna gidansa da baki.

Jiya da safe na kira Rahila a waya, don kada ta ji a bakin mutane. Na ce Yaya, ko ki daina, ko in rubuta. Ina jin ƙarar rariya a bayanta. Ta ce, "Ka kashe Mama da baki, ni ma ka zo. In ka rubuta, ba ni da ƙane." Ta kashe.

Abin da na samu a gyaran waya zan riƙa aika mata. Za ta dawo da shi, 'yarki ce. Zan sake aikawa.

Sunanki kuwa na kashe shi da hannuna. Shekara talatin kina gina shi a gaban wuta, daga yau ba za a ce Saratu mai gyaɗa ba, za a ce matar nan da ta ciyar da mu guba. Har waɗanda kika riƙa cika wa aljihu kyauta za su ce dama sun lura. Ba ki cuci kowa da sani ba. Kin gaji abu mai kyau daga uwarki, ba wanda ya taɓa ce miki komai a kansa sai ɗanki, shi kuma da zagi ya faɗa.

Da na iya magana, wataƙila da kin ji. Wannan nake ta juyawa. Da na zauna a kan turmi kusa da ke na karɓi juyin, na ce Mama ina jin tsoro, maimakon abin da na ce. Ke ba ki taɓa iya korar mai jin tsoro ba. In hadari ya taso ana tsawa, har karen maƙwabta ɗakinki yake shigowa, ki tsawata masa ki matsa masa wuri. Ni kuwa na zo miki da nasara a fuska, ke kuma ba a zuwa miki da wannan.

Ranar jana'izarki wata tsohuwa 'yar Zumunta ta riƙe mini hannu a bakin kabari. Na ɗauka zagina za ta yi, na shirya amsa. Sai ta ce duk taron da suka yi sai kin kawo zancena. Wai kina cewa, "Yaron nan nawa ba makaranta, amma ya san abin da ke cikin dutse." Ba ki taɓa faɗa mini ba. Ni kullum sai dai "bakinka zai kai ka kurkuku." Kin gan mu, Mama? Ni ma a shago ban taɓa barin wani ya ɗanɗana gyaɗar wata bai ji daga bakina cewa ba ta kama ƙafar taki ba. Wannan ma ban taɓa kawo miki gida ba.

Ina kewar hannunki. Tafin nan da wuta ta mayar kamar fatar ganga, da kike murza gyaɗa da zafinta ki hure ɓawon, ki zuba mini ta farko tun ba ki cika kwalba ko ɗaya ba. Ban ƙara cin gyaɗa ba tun da kika tafi. Ba don tsoro ba.

Ba zan ce ki yafe mini ba, don ban gama laifin ba, yanzu ma na fara. Addu'a dai zan yi, ke da kike kusa ki sa baki.

Ya Ubangiji, ka ba baiwarka Saratu hutu. Ka riƙe Rahila a watanni ukun nan, ka ciyar da ita ta hanyar da ba ta bi ta hannuna ba, tunda nawa ba za ta karɓa ba. Ka sauke ta lafiya. A duba yaron daga kai har ƙafa a same shi cif, ya tsala kuka unguwa ta ji. Ranar da za a miƙa shi a coci, Ishaya ya ɗaga shi sama a gaban jama'a, ya nemo ni da ido a bencin baya ya ce, ga shi nan, ina gubar? Kowa ya yi dariya. Yaron ya girma ya ji labarin kawunsa da ya kashe wa uwarsa sana'a a kan yashi, ya tsane ni cikin ƙoshin lafiya har tsufansa. Ka sa ni ne maƙaryacin, ya Uba. A cikin sunan Yesu, amin.

Ki huta, Mama.

Ni ne autanki, mai karatu da yawa da bai koyi magana ba,
Dogara
Kafanchan